Ɗakin Mai Takaba

A Ingila babu wanda yake tambayar dillalin gidaje inda ya yi karatu. Duk wanda ya ga dama yana iya kama shago, ya jera hotunan gidaje a bayan gilashi, ya sa kwat, ya fara ciniki. Na shafe rayuwata ina ƙyamar wannan sakaci. Nawa aikin daban ne, ko da yake mutanenmu duk dillalai suke kiranmu. Ni mai duba gida ne: in bi shi tun daga tushe har rufi, in faɗi lafiyarsa, in yanke masa daraja, in sa hannu. A kan wannan sa hannun banki yake ba da rance, a kansa kuma magidanci yake kwashe abin da ya tara ya zuba a cikin bango huɗu.

Ƙofar shiga wannan sana'a ƙunci gare ta, kuma haka ya dace. Sai mutum ya yi digiri irin wanda ƙungiyar masu sana'ar ta amince da shi. Sai ya yi shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, yana rubuta duk aikin da ya taɓa. Sai maigidan nasa ya sa hannu cewa ya gamsu da aikinsa da kuma halinsa. Bayan haka ne kaɗai zai zauna gaban manyan ƙungiya su yi masa tambayoyi, idan ya tsallake su ba shi izinin sa hannu da sunansa. Wanda maigidansa bai sa masa hannu ba, ko ƙofar ɗakin jarrabawar ba zai gani ba.

Mutane kaɗan na horar a ƙaramin ofishina na Manchester. Na ƙarshensu shi ne wanda kowa yake kira Direba.

Mutumin Kumasi ne, haifaffen zango. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi wanke-wanke, ya yi gadi, daga bisani ya samu tuƙin bas a kan Oxford Road, inda ya shekara da shekaru yana jigilar 'ya'yan mutane zuwa jami'a. Wata rana ya yanke shawarar shi ma zai shiga. Ya yi karatun a Salford, a hankali, tsakanin wannan aiki da wancan, har ya karɓi digirinsa furfura ta riga ta kama gemunsa. Daga nan ya tsaya cik, domin kamfanoni yara suke so, babu mai sha'awar ɗaukar magidancin da ya doshi hamsin a matsayin ɗan koyo. Matarsa ce ta zo wurin maiɗakina da kuka, maiɗakina kuma ta hana ni sakat har na ce ya zo in gan shi.

Ya shigo ofis da ƙullin goro, ya durƙusa a kan kafet. Na ce masa ya miƙe, nan ba zaure ba ne, goron kuma ya mayar wa mai shi. Na faɗa masa albashin, wanda bai kai na tuƙin bas ba. Na faɗa masa cewa ba na karɓar uzuri a kan makara, kuma idan zai yi mini magana ya zaɓi harshe ɗaya, ko Hausa ko Turanci, ban da gauraye. Ya ce ya ji. A makon ya ajiye aikin bas.

Ba zan rage masa abin da yake nasa ba. Yana da ido, yana da haƙuri. Yakan hau tsani ya shige cikin silin da tocila a baki, ya yi rarrafe a kan katako cikin ƙura da kashin tantabara, ya fito ya gaya mini inda ruwa yake bi. Na'urar auna danshi ba ta rabuwa da aljihunsa. Aibinsa ɗaya ne, kuma tun watan farko na gan shi: kunya. Idan ya shiga gidan mutane sai ya tuɓe takalmi, ya gaishe da kowa har da yara, ya tambayi lafiyar waɗanda ba su nan. Idan ya ga tsaga a bango sai ya fara ba mai gidan haƙuri kafin ya rubuta, kamar shi ya tsaga. Na sha gaya masa cewa mai saye ne ya aiko shi, kuma ba ziyara ya je ba. Yakan ce, “To, Baba,” ya gyara na 'yan makonni, ya koma.

Ina da wata al'ada da na taso da ita daga makarantar mishan, inda mahaifina ya kai ni duk da surutun dangi. A can, kowace Asabar shugaban ɗakin kwana yakan tsaya gaban Baturen makaranta, hannu a baya, ba takarda, ya ba da labarin ɗakin tun daga bakin ƙofa har akwatin ƙarshe. Haka nake yi wa masu koyo a wurina. Duk wanda ya dawo daga duba gida sai ya ajiye rahotonsa a kan tebur, ya tsaya, in ce masa, “Kai ni gidan.” Sai ya bi da ni da baki daga ƙofar waje, ɗaki bayan ɗaki, har cikin silin. Mai rubutu yana iya cike gurbi da abin da ya saba rubutawa. Wanda yake tafiya da baki kuwa, inda ƙafarsa ba ta taka ba sai harshensa ya yi tuntuɓe.

Shekara biyunsa ta kusa cika lokacin da aikin Birmingham ya zo. A masallaci an riga an fara kiransa Safiyo, wato mai duba gida irina. Matarsa ta fitar da ankon walima, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, har maiɗakina ta karɓi nata ta kai ɗinki. Abin da ya rage shi ne aiki guda da zai gabatar gaban manyan ƙungiya a matsayin nasa na kansa, sai kuma sa hannuna.

Ɗan wani abokina, likita a babban asibitin Edgbaston, shi ne yake son sayen gida, irin gidajen nan masu manne da juna. Mai gidan wani dattijo ne daga cikin mutanen Gana, bai daɗe da rasuwa ba. 'Ya'yansa sun sa gidan a kasuwa da nufin a kammala ciniki daidai lokacin da mahaifiyarsu za ta fita takaba, ta koma wurin babbar 'yarta. Na tura Direba shi kaɗai. Na ce masa wannan ne aikin da zai nuna.

Ya dawo da rahoto mai tsabta, babu kuskure ko na waƙafi. Na buɗe shafin ɗakunan sama. A gaban ɗakin baya ya rubuta cewa an duba, ba a ga aibi ba. Na rufe na ce ya kai ni gidan.

Ya shiga da ni ta ƙofar waje, ya nuna mini bulo biyu da suka saki a jikin katanga. Muka bi falo, muka bi kicin, muka hau bene. Ya buɗe ɗakin gaba, ya ce tagar tana cijewa. Ya buɗe banɗaki. Daga nan sai na ji mun hau tsani za mu shiga silin.

“Dakata,” na ce. “Ka tsallake ƙofa.”

Na bi shi da tambaya.

“Ɗakin baya. Tagarsa ciki take buɗewa ko waje?”

“Baba, ɗakin Hajiya ne. Tana takaba.”

“Ban tambaye ka wanda yake ciki ba.”

Bai yi mini ƙarya ba, wannan ma nasa ne. Ya ce da ya isa ƙofar ya yi sallama, matan gidan suka ce tun ranar rasuwa babu namijin da ya taka ɗakin, ko 'ya'yanta maza daga bakin ƙofa suke gaishe ta. Ya ce marigayin ne ya tarbe shi ranar da ya fara sauka a ƙasar nan, ya shimfiɗa masa tabarma a falon wannan gida, ita kuma matar ta ciyar da shi har ya samu abin yi. Don haka sai ya miƙa wa 'yarta na'urar, ya koya mata yadda ake dannawa a bango, tana karanto masa lambobi ta bayan ƙofa yana rubutawa. Ya duba bangon ɗakin daga waje, ya duba rufinsa daga cikin silin, ya duba ƙasansa daga kicin.

“Na kewaye shi ta ko'ina, Baba. Lafiyarsa ƙalau.”

“Sana'ar nan ta ba ka hanya,” na ce. “Inda aka hana ka shiga sai ka rubuta ba a shiga ba. Me ya hana ka?”

“Likita zai ga kamar ana ɓoye wani abu. Idan ya fasa saye, a ce ni na ɓata wa marayu ciniki. Da wane ido zan dube su?”

“Da wanda ka duba ɗakin,” na ce. “Gobe da safe ka same ni a tashar jirgin ƙasa.”

Mun isa Birmingham da hantsi, ana yayyafi. Gidan cike yake da mata, takalma sun taru a bakin ƙofa, ana jin ƙamshin waken da aka ɗora. Babban ɗan marigayin ya tarbe mu, matashi ne wanda Hausarsa take tafiya da sanda. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Kafin ya amsa, wata tsohuwa ta taso daga falo ta tsaya a gindin bene ta dafa bango. Yayar marigayin ce.

“Ina za ka, Alhaji?”

“Ɗakin baya, Hajiya. Aikin ɗan lokaci ne.”

“Mai takaba ce a ciki. Ko a garinku ba a mutuwa?”

Na ce mata ana mutuwa. Na ce addini bai hana namiji shiga ɗaki don larura ba idan matar ta suturta jikinta kuma akwai mutane, al'ada ce ta hana. Idan kuwa ba a so, ta koma ɗakin gaba har mu gama.

“Ba ta tashi daga inda mijinta ya bar ta,” in ji tsohuwar. Ta dube ni daga hula har takalmi. “An ce mini ɗan mishan ne kai. Yanzu na yarda. Su ne za su koya mana addini, jama'a.”

Matan falo suka yi 'yar dariya. Na juya wurin ɗan na ce masa abu biyu ne: ko a shiga ɗakin yau, ko in kira likita daga nan inda nake tsaye in gaya masa na janye rahoton, in kuma faɗa masa dalili.

“Uncle, don Allah,” ya ce. “Mun riga mun yi booking ɗin komai. Mum za ta koma flat ɗin sister na.”

“To ka zaɓa.”

Ya hau sama, ya daɗe, ya sauko bai dubi gwaggonsa ba, ya ce mu hau. Tsohuwar ta janye hannunta daga bango a hankali, ta tofar da yawu a gefe, a kan kafet ɗin ƙanenta.

A bakin ƙofar Direba ya miƙo mini na'urar. Na mayar da hannuwana baya.

“Aikinka ne,” na ce. “Shiga.”

“Baba, ka rufa mini asiri.”

“Sunanka ne a kan rahoton. Shiga.”

Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da muryar da ko ni da ƙyar na ji, ya shiga. Na bi shi na tsaya daga ciki kusa da ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, labule a sake. An jingine katifa a bango. Matar tana zaune a ƙasa a kan tabarma, a kusurwar da take kusa da taga, cikin wani zane da ya koɗe, ta lulluɓe kanta har fuska, carbi a hannunta. 'Yarta tana tsugune a gefenta. Babu wanda ya amsa sallamar.

Na ce ya ɗaga labule, ya ɗaga. Na ce ya buɗe taga, ya buɗe. Waje take buɗewa. Ya bi bango yana danna na'urar yana faɗin lamba, ni kuma ina duba rahoton. Na ce ya janye kabad ɗin kaya mu ga bayansa. Da ya ja, ƙofar kabad ɗin ta buɗe, manyan rigunan marigayin suka zubo masa a kafaɗa, har da wata farar hula da ta gangara ta tsaya a gaban tabarmar. 'Yar ta ɗauke ta da sauri ta cusa a cikin mayafinta. Bangon bayan kabad a bushe yake.

Saura kusurwa ɗaya, wadda take ƙarƙashin taga, inda danshi ya fi son taruwa a irin waɗannan gidaje. A nan matar take zaune.

“Sai an ɗaga kafet a nan,” na ce.

Ya dube ni. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Ya durƙusa nesa da tabarmar ya ce, “Mama, ki gafarce ni. Ki ɗan matsa kaɗan.”

Ba ta motsa ba sai da 'yarta ta kama ta ta ɗaga. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗar 'yar ba. Suka tsaya a tsakiyar ɗaki. Ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya ɓamɓare kafet, ya haska katako da tocila, ya danna na'urar. Ya faɗi lambar. Ita ce dai wadda 'yar ta karanto masa ta bayan ƙofa. Duk lambobin haka suka fito, babu wadda ta saɓa. Ɗakin lafiyarsa ƙalau, kamar yadda ya ce.

Yana mayar da tabarmar ne matar ta yi magana. Ba da ni ta yi ba, ko sau ɗaya ba ta juyo inda nake ba.

“Mai gidan nan ne ya shimfiɗa maka tabarma ranar da ba ka da wurin kwana,” ta ce daga cikin lulluɓi. “Yau kai ka naɗe tawa. Je ka. Allah ya ba ka takardar.”

Muka hau jirgin komawa, muka bar gari. Can ya share fuska ya matso.

“Baba, ka gani da idonka. Babu komai. Report ɗin daidai yake.”

Na ba shi labarin wani shugaban ɗakin kwana da muka yi a makaranta, yaro mai ƙoƙari wanda kowa yake so. Wata Asabar ya tsaya gaban Bature ya ce akwatuna duk a shirye suke. Bature ya tambaye shi ko ya buɗe na ƙarshe. Ya ce mai akwatin yana kwance ba lafiya, bai so ya tashe shi ya karɓi makulli ba, amma ya san yaron da tsabta. A take Bature ya cire masa lambar shugabanci daga ƙirji ya maƙala mini. Bai ma aika a buɗe akwatin ba.

“Ni na fi shi sassauci,” na ce, “tun da na zo na duba. Amma don likita na duba, domin shi ya biya a duba masa ɗaki. Kai kuwa ba zan sa maka hannu ba.”

Ya daɗe yana kallona kamar da wani harshe na yi magana.

“Ka ce in shiga, na shiga. Ka ce in tashe ta, na tashe ta.”

“Yau ka shiga. Ranar da ka rubuta an duba, ba ka shiga ba.”

“Shekara biyu, Baba. Ban da na karatun uni. Na bar aikina. Yarana sun gaya wa kowa a makaranta.”

“Takardar tana tambayata ko na gamsu cewa abin da ka rubuta shi ne abin da ka gani. Ban gamsu ba. Gidajen da za ka shiga nan gaba duk akwai wanda za ka ji kunya a cikinsu.”

Ya sauka daga kujera ya durƙusa a tsakiyar jirgi, Turawa suna kallo, ya kama gefen wandona. Na ce ya tashi, yana tare wa mai tura keken shayi hanya.

Abin da ya biyo baya ya ɗauki makonni. Liman ya zo gidana da dattawa biyu, suka sha shayi, suka yi ta kewaye-kewaye kafin su zo kan magana. Liman ya ce mutumin nan kunya ya ji, kunya kuwa ba laifi ba ce. Na ce ban hukunta shi don ya ji kunya ba, da ya rubuta cewa kunya ta hana shi shiga da na sa masa hannu a ranar. Ɗaya dattijon ya ce ai bango bai jiƙe ba. Na ce wannan sa'ar bango ce. Abokina, mahaifin likitan, ya kira ni ya ce ɗansa ya sayi gidan, yana jin daɗinsa, ba shi da ƙorafi, don me zan kashe wa bawan Allah rayuwa? Na ce ina taya ɗansa murna.

Na gaya wa Direba cewa a ƙarshen shekara zan rufe ofis in huta, kamar yadda na daɗe da shiryawa, don haka ya nemi wani maigidan ya ƙarasa a hannunsa. Ya nema. Wata Baturiya mai ƙaramin kamfani a Birmingham ta ga takardunsa ta yaba, har ta sa masa ranar fara aiki. Kafin ranar ta kira ni, kamar yadda ake yi, ta tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ta sani. Na ce mata ma'aikaci ne mai ƙwazo wanda ba ya makara, kuma ya taɓa rubuta cewa ya duba ɗakin da bai shiga ba. Ta yi godiya, ta ajiye waya. Ba ta ɗauke shi ba.

Wasu suka ba shi shawara ya kama shago ya yi dillanci irin wanda ba a tambayar takarda, tun da ya san gidaje fiye da duk masu shagunan. Amma dillali da mutanensa yake farawa, nasa mutanen kuwa sun riga sun rufe masa ƙofa. Labarin tabarma ya iso Manchester kafin jirginmu. A wurinsu shi ne mutumin da ya shiga wa mai takaba, ya zubar da rigunan wanda ya rufa masa asiri. Ni ba su damu da ni ba, dama ba su taɓa ɗaukata nasu ba. Matarsa ta daina zuwa taron suna. Babu matar da za ta yarda ya taka mata ɗaki, ko da kuwa don ya auna taga ne.

Maiɗakina ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya ta tayar da zancen, tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

“Alhaji, da ɗaya ka zaɓa. Ko ka bar shi da mutanensa, ko ka bar shi da takardarsa. Ka sa ya shiga, sannan ka hana shi.”

Na yi mata bayani cewa abubuwa biyu ne mabambanta, kowanne da dalilinsa. Ta ce ta ji. Ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na tarar ta sa ankon walimar, shuɗiyar atamfar nan mai zanen ganye, ta ɗaura ɗankwali, ta zuba mini abinci ta zauna a gabana. Ban tambaye ta ba. Haka ta riƙa yi kowace Juma'a har atamfar ta koɗe, kuma ba ta daina ba sai da ciwon ajali ya kwantar da ita.

Bara, ina da ganin likita a asibitin da yake kan Oxford Road, na tsaya jiran bas da sandata. Motar ta tsaya daidai gabana, ta sunkuyar da bakinta kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Shi ne, Direba, a kan sitiyari. Gemun ya yi fari fat.

“Baba, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?”

Na amsa, na nuna katin tsofaffi, na zauna a hawan ƙasa, domin motar mai bene ce. Bai tashi motar ba sai da ya ga na zauna. Ban sauka a asibitin ba. Na so in ga yadda yake aiki, kuma ganin likita ana iya sake masa rana. Tuƙinsa babu abin cewa: yana duba madubi kafin ya fita, ba ya fizgar birki, ɗalibai suna hayaniya bai kula su ba. Mutane suka yi ta raguwa har muka kai ƙarshen hanya, ya rage daga ni sai shi.

Ya kashe mota, ya fito daga wurin zamansa. Akwai ɗan allo a gabansa wanda yake nuna masa saman bas gaba ɗaya, amma bai dube shi ba. Ya hau bene, na ji takunsa a kaina har baya, ya dawo. Ya sauko riƙe da wata baƙar lema, ya tsaya a gabana, ya mayar da hannu ɗaya baya.

“Sama babu kowa. Kujerar baya ta yage a gefen hagu. Taga ta biyu tana cijewa. An manta lema.” Ya ɗaga ta. “Na shiga ko'ina, Baba. Da idona na gani.”

“Madalla,” na ce.

“Nan ne ƙarshen hanya. A sauka lafiya.”

Na sauka, na tsallaka titi, na tsaya a ƙarƙashin rumfa ina jiran motar komawa. Yayyafi ya fara. Bayan ɗan lokaci mota ta zagayo, kuma tasa ce. Ta tsaya a gabana, ta sunkuyar da baki. Na hau, na sake nuna masa katin, ya duba hoton, ya duba fuskata, sannan ya ce in wuce.